Gayan Tuwo Ba Ya Gina Hankali

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar Jimeta da almuru, ya ga yadda manyan motoci ke ƙetare kogin Binuwai ɗaya bayan ɗaya, sun fito daga wajen Mubi da Gombi da Song, sun nufi Kurmi. Waɗansu shanu suka ɗauko, waɗansu wake, waɗansu gyaɗa, waɗansu kuma busasshen kifi. A saman kayan kuwa sau da yawa akan ga samari zaune, kowa da 'yar jakarsa, za su ci-rani Ikko ko Fatakwal ko Anacha. Watau a mota guda ƙasar Adamawa take aika wa Kudu abincinta mai gina jiki tare da majiya ƙarfin da suka noma shi. Abin da akan bari a tukunyar gida shi ne tuwon masara da miyar da ba ta da mai ceto sai gishiri da dunƙule.

An daɗe ana magana a kan abin da wannan hali yake yi wa jiki, kamar rama da kumburi da yara masu tulun ciki. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne abin da yake yi wa hankali. Masana aikin likita sun tabbatar tun shekaru masu yawa cewa irin abincin da mutum ke ci yana da hannu a cikin natsuwarsa, da fara'arsa, da kaifin basirarsa, har ma da waɗansu nau'o'in taɓin hankali. Wannan magana ta shafi ɗan Arewa mazaunin Kurmi ta fuska biyu. Ta shafi iyalin da ya baro a gida suna jiran aike, ta kuma shafi shi kansa da yake takura wa cikinsa domin ya sami abin aikawa.

Ƙwaƙwalwa ma tana cin abinci

Ƙwaƙwalwar mutum ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, amma ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin da abinci ke bayarwa, ko mutum yana aiki ko yana barci. Sinadaran da jijiyoyinta ke aika wa juna saƙo da su, waɗanda su ne ke daidaita barci da kwanciyar rai, daga abinci jiki yake haɗa su, musamman daga wake da gyaɗa da nono da kifi da ƙwai da nama da ganyaye. Tuwo da shinkafa da garin rogo makamashi ne, kamar itace a murhu. Kowace mace kuwa ta san itace komai yawansa ba ya zama girki sai an ɗora wani abu a kai.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kusa ƙarewa, wani masani mai suna Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ta ƙasar Amurka ya so ya san abin da yunwa ke yi wa ɗan Adam. Samari 36 lafiyayyu suka ba da kansu. A shekarar 1945 aka rage musu abinci zuwa kusan rabin abin da suka saba ci, har tsawon mako 24. Sun zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, wannan kowa ya yi zatonsa. Abin da ya ba masu binciken mamaki shi ne sauyin halinsu. Masu fara'a suka koma masu saurin fushi, suka daina son shiga mutane, baƙin ciki ya rufe su, ba su da zance sai na abinci, ɗaya daga cikinsu ma har ya datse wa kansa yatsu uku da gatari. Waɗannan mutane ba yaƙi ya kore su daga gida ba, kuma sun san ranar da wahalarsu za ta ƙare. Abinci kawai aka rage musu. Ashe Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Yola ba matalauciyar ƙasa ba ce ta fuskar abinci. Tun da Modibbo Adama ya kafa ta a shekarar 1841, tana zaune ne tsakanin kogi da fadama da makiyaya. Akwai kifin Binuwai, akwai tafkin Geriyo a gefen Jimeta inda ake noman rani da su, akwai nonon Fulani, akwai gyaɗa wadda tun zamanin Turawa jiragen ruwa ke zuwa da damina su kwasa. Abincin gargajiyar wurin ma cikakke ne. Tuwo da miyar ganye, wanda Fulani ke kira nyiiri da haako, da kindirmo, da kunun gyaɗar nan da aka san Adamawa da shi ko'ina a Arewa, sun haɗa kusan duk abin da ƙwaƙwalwa ke bukata. Tsofaffin da suka tsara wannan cima ba su san sunan bitamin ko ɗaya ba, amma sun san ba a kai wa baƙo gayan tuwo.

Abin da ya sauya shi ne, tun daga ƙarshen shekarun 1970 masara ta fara ture gero da dawa a gonakin Arewa, saboda sabon iri da takin zamani mai rahusa da aka samu a lokacin. Daga baya farar shinkafa da taliyar leda suka shigo gari. Su kuwa gyaɗa da wake da kifi suka zama kayan kuɗi, waɗanda talaka ke nomawa ko kamawa, amma ya ga ya fi masa sauƙi ya sayar ya sayi mudun masara. Ciki yana cika kamar da, sai dai abin da ke cikinsa ya ragu.

Darasin masara

Masara abinci ce mai albarka, amma tana da aibu guda wanda duniya ta sha wuya kafin ta gane shi. Sinadarin niyasin da ke cikinta a ɗaure yake, jiki ba ya iya cin moriyarsa sosai. Mutumin da ya dogara ga masara ita kaɗai, ba wake, ba gyaɗa, ba nono, yakan kamu da ciwon da likitoci ke kira felagra. Yakan fara da ƙuraje da baƙin tabo a wuya da bayan hannu, inda rana ke duka, sa'an nan gudawa, sa'an nan rashin barci da ruɗewa da mantuwa, har mutum ya fita hayyacinsa. A kudancin Amurka, tsakanin 1906 da 1940, mutum wajen miliyan 3 suka kamu da shi, kimanin dubu 100 suka mutu, gidajen mahaukata kuma suka cika da talakawan manoman auduga.

Likitocin lokacin sun ɗauka ciwo ne mai yaɗuwa. Da aka tura Dokta Joseph Goldberger ya bincika a shekarar 1914, sai ya lura cewa a gidajen marayu da na mahaukata, waɗanda ake tsare da su ne ke kamuwa, ma'aikatan da ke cuɗanya da su dare da rana kuwa ko ɗaya. Bambancinsu a akushi yake. Ya sa aka ƙara wa marasa lafiyan madara da ƙwai da nama da wake, ciwon ya ɓace. A shekarar 1937 aka gano cewa niyasin ne maganin. Mutanen da aka ɗaure da sunan hauka, ashe abinci ne ya gaza musu.

Kada a ce wannan labarin da ne, ko na wata nahiya. A shekarar 1990, a sansanonin 'yan gudun hijirar Mozambik da ke ƙasar Malawi, mutum fiye da dubu 18 suka kamu da felagra, bayan da gyaɗar da ake haɗa musu da garin masara ta yanke na 'yan watanni. Gyaɗa na daga cikin abincin da suka fi kowane yawan niyasin. Saboda haka kofin kunun gyaɗar da ake raina wa a Jimeta, ana ganin shayi da burodi sun fi shi wayewa, yana tsare hankali ta hanyar da mai shansa bai sani ba. Sharaɗi ɗaya ne, a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, domin dafinta yana lalata hanta.

Yola ta san gudun hijira. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 garin Mubi ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, jama'a dubu ɗaruruwa suka kwararo Yola da Jimeta. Waɗansu suka sauka a sansanonin Malkohi da Damare da Fufore, waɗansu a harabar majami'ar Katolika ta Santa Tereza, mafi yawa kuwa a gidajen 'yan'uwa da ma waɗanda ba su san su ba. Mutanen gari, Musulmi da Kirista, da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, sun yi abin a yaba wajen ciyar da su. Sai dai al'adar ƙasar nan ita ce, in ana lissafin agaji buhunan hatsi ake ƙirgawa. Mutumin da ya ga an kashe nasa a gabansa, ya kwana a daji, yana ɗauke da nauyin da ya ishe shi. In aka bar shi wata da watanni a kan tsurar hatsi, an ɗora masa wani nauyin a kan na farko.

Mai ciki da jariri

Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen mace mai ciki da ɗan da ke cikinta. Masana sun ce kwana 1,000 na farko, watau daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara biyu, su ne lokacin da ake aza harsashin ƙwaƙwalwa, kuma abin da aka rasa a wannan lokaci da wuya a mayar da shi duka. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun tsare hanyoyin abinci a yammacin ƙasar Holan, aka yi yunwa mai tsanani ta 'yan watanni. Da aka bi sawun yaran da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar wannan yunwa, aka tarar cewa bayan sun girma, yawan masu kamuwa da babban ciwon taɓin hankalin nan da ake kira sikizofireniya a cikinsu ya ninka na sauran jama'a sau biyu. An sake samun irin wannan sakamako a cikin waɗanda aka haifa lokacin yunwar ƙasar Sin ta 1959 zuwa 1961.

To, ina Nijeriya ta tsaya? Babban binciken lafiyar jama'a na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran ƙasar nan 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma abin ya fi muni a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas. Kashi 68 cikin ɗari na ƙananan yara da kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da nasu hannun, amma rashin sinadarin ƙarfe a cikin abinci babban dalili ne. Mace mai ƙarancin jini kullum a gajiye take, ga jiri, ga faɗuwar gaba, ga saurin ƙunci. Sai dangin miji su ce ta cika son jiki, ko su ce baƙin hali gare ta. Yaro mai ƙarancin jini kuwa ba ya riƙe karatu, malam ya yi ta duka yana cewa daƙiƙi ne.

Akwai kuma bitamin B12, wanda ba a samunsa sai a nono da ƙwai da kifi da nama. Rashinsa yana kawo mutuwar tafin ƙafa da hannu, da mantuwa, da baƙin ciki, wani lokaci har da gane-gane. Abin takaici ne a ce a ƙasar da ake yi wa kirari da shanu, akwai gidajen da yaro kan yi wata bai ɗanɗana nono ba. Ga kuma camfe-camfen da ke ƙara dagula al'amari: a hana yaro ƙwai wai kada ya yi sata, a zubar da dakashi wai ƙazanta ne, alhali kuwa shi ne abinci mafi amfani da jariri zai fara sha a duniya. Binciken nan na 2018 ya nuna jarirai 29 kacal cikin ɗari ake shayarwa da nonon uwa zalla a watanni shida na farko.

Wanda ke shakkar cewa ana iya gyara irin wannan matsala, sai ya dubi labarin gishiri. Rashin sinadarin aidin shi ke kawo maƙoƙo, kuma shi ne kan gaba a duniya cikin abubuwan da ke dushe basirar yara waɗanda ake iya hanawa. Ya fi yawa a ƙasashen duwatsu masu nisa da teku. A shekarar 1993 Gwamnatin Tarayya ta wajabta sa aidin a cikin gishirin ci, cikin 'yan shekaru kuwa mafi yawan gidaje suka koma amfani da shi, har Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka ba shaidar cika wannan buri. Abu ne mai arha, ba a gina masa asibiti ko ɗaya ba, amma ya ceci basirar yara miliyoyi. Abin da ya rage wa uwargida shi ne ta sayi gishirin leda mai hatimi, ta riƙa rufe shi, domin aidin yana gudu in an bar shi a buɗe cikin zafi da laima.

Shi kansa ɗan ci-rani

Sai a dawo ga mutumin da ke Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko bakin kasuwar Anacha. Mai gadi ne, ko ɗan dako, ko ɗan ga-ruwa, ko mai gyaran takalmi. Ya zo neman kuɗi, ya kuma ƙudura cewa kowace naira da ta shiga cikinsa an rage wa iyalinsa ne. Da safe shayi da burodi, da rana garin rogo da sukari, da dare abin da ya sawwaƙa. In yunwa ta taso ya kashe ta da goro ko taba, in jiki ya ƙi aiki ya nemi ƙwaya. Binciken da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a ƙasar nan suna shan miyagun ƙwayoyi, kuma tiramol da kodin na cikin waɗanda suka fi yawa. Mai aikin ƙarfi da ke haɗiyar tiramol don ya iya ɗaukar kaya, rancen ƙarfi yake ci daga jikin da bai ciyar ba, ranar biya kuwa ƙwaƙwalwa ce ke biya.

Garin rogo kansa yana da nasa sharaɗin. A ƙarshen shekarun 1960, Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Badun ya nuna cewa wani ciwon jijiya da ke damun talakawa a yankin Ijabu, mai sa tangaɗi da raunin gani da na ji, yana da alaƙa da dogaro ga rogon da ba a jiƙa aka tsane shi sosai ba. Rogo yana da dafi na halitta, jiki kuwa yana bukatar abinci irin su wake da kifi kafin ya iya kashe wannan dafi. Mutanen Kudu da suka gaji rogo suna cinsa da miya mai kifi da ganye da manja. Baƙon da ya ɗauki garin ya bar miyar, ya ɗauki rabin al'adar ne, kuma rabin mai haɗari.

Ga kaɗaici, ga kwana a rumfa ko a kango, ga fargabar kamen hukuma, ga waya daga gida kullum ana cewa hatsi ya ƙare. Idan aka haɗa waɗannan da cikin da ba ya samun abin kirki, ba abin mamaki ba ne a ga saurayin da ya bar gida da hankalinsa an rako shi a mota yana surutai. Rowar da mutum ke yi wa cikinsa da sunan tattali, ƙarshenta iyalin da yake yi dominsu su ne za su yi jinyarsa.

Tsadar rayuwa ta ƙara tsananta al'amarin. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo. Ranar 30 ga Yuli na wannan shekara taron matasa suka fasa rumbunan abinci na gwamnati a Yola, har Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya kafa dokar hana fita ta awa 24. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Babu mai hankalin da zai goyi bayan wawaso. Amma ya kamata masu mulki su san yadda tsada ke shiga tukunya. Nama ke fara fita, sai kifi, sai nono, sai wake. Hatsi shi ne na ƙarshe. Kafin a kai ga ganin rama a jikin jama'a, an daɗe da cinye abincin ƙwaƙwalwarsu.

Abinci ba ya maye gurbin likita

Wani zai ce, ai akwai masu kuɗi da ke cin kaji kullum kuma suna taɓuwa, akwai talakawa masu cin gaya da hankalinsu garau. Gaskiya ne. Taɓin hankali yana da dalilai da yawa: gado, da firgita, da rashin masoyi, da shaye-shaye, da ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa kamar sanƙarau. Abinci ɗaya ne daga cikinsu, sai dai shi ne wanda ya fi kusa da hannun talaka. A shekarar 2017 masu bincike a ƙasar Ostireliya, ƙarƙashin Farfesa Felice Jacka, sun gwada mutum 67 masu ciwon damuwa. Aka koya wa rabinsu gyara cimarsu na tsawon mako 12, sauran kuma aka riƙa zama ana ɗebe musu kewa. Kimanin kashi 32 cikin ɗari na rukunin farko suka sami sauƙi sosai, a rukuni na biyu kuwa kashi 8. Gwaji ne ƙarami, kuma mafi yawansu ba su daina shan magani ko ganin likitansu ba. Abin da ya nuna shi ne abinci mataimakin magani ne.

Saboda haka wanda aka ga ya daina barci, ko yana magana shi kaɗai, ko yana zancen kashe kansa, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Yaba cikin Ikko, da Aro a Abekuta, da Inugu, da Binin, da Kalaba, na Arewa maso Gabas kuma yana Maiduguri. A Yola akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da Asibitin Ƙwararru na Jiha, inda gwajin jini kaɗai kan iya tona asirin abin da aka daɗe ana kira iska. Addu'a da asibiti ba abokan gaba ba ne. Tun a shekarar 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara jinyar masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da Aro, kowa tare da danginsa, ba tare da raina imanin mutane ba. A watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba marar lafiya haƙƙin a yi masa jinya cikin mutunci. Zamanin mari da sasari ya kamata a ce ya wuce.

Abin da ya rage a yi

Na farko yana wuyan maigida mai aike. Yawancin masu aika kuɗi gida sukan ce a sayi buhun masara, daga nan sun sauke nauyi. Ya kamata aike ya kasu biyu, kuɗin hatsi daban, kuɗin cefane daban, a kuma damƙa na cefanen a hannun mai girkin. Idan akwai mai ciki ko mai goyo a gidan, ita da yaron da aka fara ba abinci su ne na gaba wajen ƙwai da kifi da nono, ko da maigida zai haƙura da tsokar da aka saba ajiye masa. Ba sai an yi tsada ba. Wake, da ƙuli-ƙuli, da daddawa, da ƙananan kifi, da zogale, da rama, da yakuwa, da kuka, duk suna cikin kasuwar Jimeta. A tafasa nono kafin a ba yaro. A raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, lemo da gwaiba kuwa suna taimaka masa. Manomi kuma ya ware na gida daga gyaɗarsa da wakensa kafin dillali ya iso.

Na biyu yana wuyan ɗan ci-rani game da kansa, da sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan Arewa na garuruwan Kudu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Samari goma da ke kwana wuri guda, in suka haɗa kuɗin da kowannensu ke kashewa a kan goro da lemon kwalba da ƙwaya, ya isa a ɗora tukunyar wake da manja da alayyafo sau ɗaya a rana. Shugabannin zango da ke tara kuɗi don kai gawa gida, ya fi kyau su fara tara shi don kada a kai ga haka.

Na uku yana wuyan gwamnati, da kowace jam'iyyar da ke neman ƙuri'ar talaka. Tun daga shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da Juyin Noma na 1980, da tan-tan na hatsi ake auna nasara. Lokaci ya yi da za a riƙa tambayar abin da ke cikin miya. A tabbatar kowace mai zuwa awon ciki ta sami ƙwayoyin ƙarin jini kyauta. Shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016 a tsayar da shi da ƙafafunsa, a riƙa sayen ƙwai da nono da wake daga manoma da makiyayan yankin. A sa ido a kan masana'antun gari da mai da sukari su cika dokar ƙara bitamin. A faɗaɗa noman rani a Geriyo. A kuma gina madatsar Dasin Hausa da aka yi alkawari tun bayan da Kamaru ta gama madatsar Lagdo a 1982, domin ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna yadda ruwa ke share gonakin bakin Binuwai cikin kwana kaɗan, ya bar manomi da jiran buhun agaji.

Hausawa sun ce ƙoshi ke mai da tsoho yaro, yunwa kuma ta mai da yaro tsoho. Yaron da ake goyo yau a Yola ko Jimeta, shi ne za a nema gobe ya zama malami ko likita ko alƙali, kuma da ƙwaƙwalwar da aka gina masa kafin ya cika shekara biyu zai yi aikin. Motoci za su ci gaba da ƙetare gada, ba kuwa mai cewa a hana fatauci. Abin da ake roƙo shi ne, kafin a ɗaure bakin buhun da za shi Kurmi, a ɗebi na tukunyar gida. Allah Ya ba da ikon gyarawa, amin.